Na Tona Asirin Maigidan da Ya Koya Mini Dabo: Cin Amana Na Yi ko Aikin Lada?

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 24. Shekara huɗu na yi ina ɗaukar wa wani dattijo ɗan dabo jaka, muna bin kasuwannin ƙauye da filayen sallah. Shi ya ci da ni a lokacin, shi ya koya mini duk abin da hannuna ya iya. Ranar da zai fara koya mini ya riƙe hannuna ya ce in yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba sai wanda zan koya wa sana'ar, na kuwa yi.

Bara wani ɗan damfara ya cinye wa innata kuɗin adashinta kaf da wasan wanke baƙaƙen takardu su koma kuɗi. Abin ya ƙona mini rai, na yi bidiyo na nuna yadda ake yi, na sa a TikTok da Facebook. Bidiyon ya yaɗu fiye da zatona. Da mabiya suka dame ni in ƙara, sai na nuna wasanni biyu na maigidana, na ƙwai da hula da na igiyar da ake yankewa ta koma. Ban ambaci sunansa ba. Amma ran kasuwa yara suka yi ta yi masa ihu, "Mun gani a waya!" Ya naɗe tabarmarsa ko rabin wasa bai yi ba. Saƙon da ya aiko mini shi ne, "Ku ce masa na gode."

Yanzu wani mai shagon waya ya ce zai biya ni in yi jerin bidiyo da tallansa, da sharaɗin in haɗa da wasan ƙwarya, wanda maigidana ya ƙirƙira da kansa, da shi yake rufe wasa. Wani abokina kuma ya ce aikin lada nake yi, tunda tsohon yakan ce "aljanuna ku taho" idan yana wasa, wai hakan ɓata wa mutane aƙida ne. Tsakani da Allah ban taɓa ganin ya sayar da laya ko ya karɓi kuɗin magani ba, abin da aka jefa masa a tabarma shi ke nan. Kuma ai duk waɗannan abubuwa suna intanet da Turanci. Kawu, na yi laifi? In karɓi tallan?

Ɗanka, daga Zariya

*

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar wa innarka da mafificin abin da ta rasa. Wata da watanni mace ke tauye cikinta tana zubi, rana ɗaya wani ya zo ya kwashe. Na fahimci abin da ya tunzura ka.

Ka tambaye ni ko ka yi laifi, amma abu biyu ka aikata, kuma ko hanya ba su haɗa ba. Na farkon na yaba maka. Na biyun ka yi kuskure, ina kuma jin ka sani, don wanda zuciyarsa ke kwance ba ya zama ya rubuto wasiƙa irin wannan.

Bidiyon baƙaƙen takardu ka kyauta da ka yi shi. Duk ƙarfin wannan damfara a kan rashin sani yake. Takardun kuɗi na gaske biyu ko uku ake baƙantawa da aidin, a tsoma su a ruwan da aka narkar da ƙwayar bitamin C a gabanka, baƙin ya gushe, kuɗi su fito tas. Sauran abin da ke cikin jakar tsurar baƙar takarda ce da aka yanka daidai girman kuɗi. Daga nan sai a ce ruwan wankin ya ƙare, kuma tsada gare shi, kawo abin da kike da shi. Wanda ya taɓa ganin an yi wannan a fili sau ɗaya, har abada ba za a sake kama shi da shi ba. Kuma ba kai ka fara irin wannan aiki ba. Tun a ƙarni na 13 wani mutumin Jaubar da ke kusa da Dimashƙa, Abdurrahim al-Jaubari, ya rubuta littafi mai babi 30 bisa buƙatar wani sarki, yana fallasa dabarun masu da'awar annabta, da shehunnan bogi, da masu cewa suna mayar da ƙarfe zinari, da likitocin bakin hanya. Shekara ɗari bakwai da ɗoriya ke nan, kuma wanda ya karanta shi yau sai ya ɗauka labarin tashar motar garinsu ake ba shi.

To, sai kuma ƙwai da igiya.

Ba zan ce maka akwai wata dokar 'yan dabo da ta sauko daga sama wadda ka karya ba. Ni kaina ban yarda da tsananin da ƙungiyoyinsu ke yi ba. Ƙungiyar 'yan dabo ta Landan, wadda aka kafa a 1905, ta kori David Devant, shugabanta na farko, a shekarun 1930 don ya wallafa sirrin wasanninsa, alhali a lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi, hannuwan da yake neman abinci da su sun daina yi masa aiki. Kayansa ne, guminsa ne, ya sayar don ya rufa wa kansa asiri, suka kore shi. A ganina shi aka zalunta. Mai abu yana da ikon buɗe abinsa ranar da ya ga dama. Amma ka lura, mai abu na ce. Kai ba kai ne mai ƙwan nan ba, ba kai ne mai igiyar ba. Ajiya aka ba ka, da sharaɗi, hannu cikin hannu, ka ce ka yarda. Da a littafi ka koya, ko a bidiyon wani Bature, da wata maganar muke yi. A tabarmar mutumin nan ka koya, kana cin tuwonsa. Ka san hadisin alamomin munafuki, ba sai na karanto maka ba: biyu daga cikin ukun, saɓa alkawari da cin amana, su ne a gabanmu. Ban kira ka munafuki ba, Allah ya kiyaye. Na dai ce abin da ka taka ba ƙaramin abu ba ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Maganar abokinka ita ce mai nauyi, don haka zan daɗe a kanta. Bari in fara da labarin wani akwati.

A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shahararren ɗan dabonta, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya. Ba don nishaɗi ba. Mutanen ƙasar suna bin shehunnan da ke zuga su su yi wa mulkin mallaka turjiya, Faransawa kuma suna so su nuna musu cewa asirinsu ya fi na shehunnan ƙarfi. Yana da wani ɗan ƙaramin akwati da ya daɗe yana wasa da shi a Faris, babban birnin Faransa. Gindinsa ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamali kuma an ɓoye maganaɗisu mai aiki da lantarki. Idan ba a kunna ba yaro ma ya ɗaga akwatin, idan an kunna ƙato ya yi ta nishi ba zai motsa shi ba. A Faris mutane kan sayi tikiti su shiga, su yi dariya, su tafa, su koma gida sun san an yi musu wayo kuma sun ji daɗin wayon. A Aljas, babban birnin Aljeriya, kuwa, bisa labarin da shi kansa ya bayar, ya kira wani ƙaƙƙarfan Balarabe ya ce zai zare masa ƙarfinsa. Mutumin ya ɗaga akwatin da farko ba wahala, da aka kunna ya kasa, sannan aka sakar masa lantarki ta mariƙin, ya kwarma ihu ya fice da gudu.

Akwatin bai sake ba, maganaɗisun bai sake ba. Abin da aka gaya wa masu kallo ne ya sake, da abin da ake so a karɓe daga hannunsu. A Faris kuɗin tikiti aka karɓa aka ba su mamaki, ciniki ya faɗa. A Aljas ƙasarsu ake so su sallama saboda tsoro. Da wani yaro ya leƙa ƙarƙashin dandamalin a Faris ya fito yana shela, ya ɓata wa mutane daɗin darensu ne kawai. Da a Aljas ya yi, da ya yi wa mutanensa babban aiki.

Don haka duk sanda ka rasa ko ka tona ko ka bari, ka tambayi kanka: wanda ya zaro kuɗinsa ya bayar, me ya ɗauka yana saye? Innarka ta ɗauka arziki take saye, aka ba ta baƙar takarda. Wanda ya jefa wa maigidanka naira hamsin a tabarma kallo ya saya, kallo kuma ya samu, har da gyara. Babu wanda ya koma gida ya tarar an yi masa asarar akuya.

Saura "aljanuna ku taho". Ba zan wanke maigidanka a kan wannan ba, ni ma ba ta yi mini ba. Ɗan dabon Landan idan ya ce ruhohi ke taya shi, kowa a ɗakin ya san zance ne na wasa. Mu a kasuwanninmu cikin masu kallo akwai da yawa da za su tafi da ita a matsayin gaskiya, kuma wanda ya yarda yau cewa aljani na kawo ƙwai cikin hula, shi ne gobe zai yarda aljani na kiransa a waya da tsakar dare yana neman a tura masa kati. Malamai sun daɗe suna magana a kan rufa-ido. Suratul A'araf ta ce matsafan Fir'auna sun sihirce idanun mutane, Suratu Ɗaha kuma ta ce igiyoyinsu da sandunansu sun riƙa bayyana kamar suna tafiya. Akwai malaman da suka hana wasan ɗungurungum, akwai waɗanda suka sassauta idan mai yi ya bayyana cewa saurin hannu ne kuma bai ci dukiyar kowa da ƙarya ba. Jingina abin ga aljanu dai babu mai goyon bayansa. Har nan abokinka yana da gaskiya.

Inda ya kauce shi ne maganin da ya rubuta maka. In aƙidar mutane ce damuwar, abin da suke buƙatar ji shi ne "wannan dabara ce, babu aljani a ciki". Cewa dabara ce daban, nuna inda dabarar take daban. Da ka fito a bidiyo ka ce, "Jama'a, shekara huɗu na yi a wannan sana'a, wallahi ban taɓa ganin aljani ko ɗaya ba, hannu ne da atisaye," ka yi wasan a gabansu ba tare da ka buɗe shi ba, da ka gyara aƙida, alkawarinka kuma yana nan. Kafin ma a je ga bidiyo, shekara huɗu kuna tafe tare, dare da rana, ka taɓa zaunar da shi ka ce, "Baba, kalmar nan ta aljanu a bar ta"? Addini nasiha ne, nasiha kuma a kunne ake fara ta. Kai ka tsallake kunnensa ka tafi kasuwa. Sannan ka duba abin da yaran suka yi masa ihu da shi. Ba su ce "babu aljani" ba. Cewa suka yi "mun gani a waya". Abin da suka ɗauka daga bidiyonka raina tsoho ne, ba tauhidi ba.

Akwai abin da zai sa in canja magana, kuma kai kaɗai ka san amsarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an tashi daga wasa, akan sami mai binsa gefe ya ce matarsa ba ta haihuwa, ko an yi masa sata, ko yana neman sa'ar kasuwa? Me yake ce musu? Da ka ce mini yana shigar da su ɗaki ya karɓi kuɗi da sunan aljanun nan, da na ce maka alkawarin rufa wa zalunci asiri ba alkawari ba ne, ka yi masa nasiha, in ya ƙi ka gargaɗi jama'a. Amma da bakinka ka ce ba ka taɓa gani ba. To kada ka ɗora masa laifin wanda ya cuci innarka don kawai hannuwansu sun yi kama.

Ka ce ai duk suna intanet. Haka ne, kuma tun kafin intanet ana yi. A 1997 tashar Fox ta Amurka ta fara wani shiri da wani mai dabo ke rufe fuska yana buɗe manyan wasanni ɗaya bayan ɗaya, a 1998 ya cire abin rufe fuskar aka ga Val Valentino ne. 'Yan sana'ar suka yi ta kumfar baki, wasu har kotu, ba su iya tsayar da shirin ba, sana'ar kuma ba ta mutu ba. Masu son tonawa kullum wannan suke kafa hujja da shi. Sai dai waɗanda suka tsira masu manyan gidajen wasa ne, masu kuɗin sayen sabbin kaya da ɗaukar masu ƙirƙiro musu sabbin dabaru. Maigidanka wasa nawa gare shi duka-duka? Bakwai? Takwas? Ka ɗauke biyu. Dattijon da idonsa ya fara raguwa, yatsunsa suka fara tauri, yaushe zai zauna ya ƙware a wani sabo?

Ban da haka, kasancewar abu a intanet bai sa ya isa kasuwar ƙauye ba. Wanda ya shiga YouTube ya rubuta da Turanci yana neman yadda ake wasan igiya, shi ya tashi ya nema, kuma galibi mai son koyo ne. Kai ka ɗauko ka zuba da Hausa a TikTok, inda ba sai mutum ya nema ba, manhajar ke turo masa, tana kuma duba harshensa da yankin da yake. Wato ka aika sirrin kai tsaye cikin aljihun mutanen da ke tsayawa a gaban tabarmar maigidanka. Rashin ambaton sunansa bai rage komai ba. 'Yan dabo nawa ne ke cin kasuwannin nan da hula da ƙwai?

Ina yaro, a filin idi, wani ɗan dabo ya zaro kwabo daga kunnena. Na yi kwanaki ina shafa kunnen. Ban ɗauke shi waliyyi ba, ban ɗauke shi matsafi ba, na dai ji duniya ta fi yadda na san ta faɗi. Har yau in na tuna ina jin daɗin abin a raina. Yaran da suka yi wa maigidanka ihu an hana su wannan, an ba su daƙiƙa talatin na "au, ashe haka ne" a madadinsa. Su ma ka rage su da wani abu.

Wasan ƙwarya kuwa, ɗana, ko kusa da shi kada ka je. Ƙwai da igiya tsofaffin wasanni ne da duniya ta gada, shi wannan ɗan cikinsa ne. Ka ji yadda masu gata ke kare irin nasu. Teller, ɗan dabon Amurka da ba ya magana a kan dandamali, yana da wani wasa na fure a cikin tulu: haske na jefa inuwar furen a kan farin allo, sai ya sa wuƙa ya yanki inuwar, ganyen furen na gaske ya faɗo. Ya yi masa rajistar haƙƙin mallaka tun 1983. A 2012 wani mai wasa daga Beljiyam ya kwaikwaye shi ya sa a YouTube, yana tallan zai sayar da sirrin. Teller ya kai shi kotu a jihar Nevada ta Amurka, a 2014 alƙali ya ba shi gaskiya. Hujjar kotun ita ce, ita dabarar kanta doka ba ta kare ta, amma wasan da aka shirya aka tsara, da motsinsa da labarinsa, mallakar mai shi ne. Teller yana da lauya, yana da takardar rajista, yana da kuɗin shekara biyu na shari'a. Maigidanka ba shi da ko ɗaya. Rajistarsa ita ce hannunka da ya riƙe ran nan. In ka sayar wa mai shagon waya wasan ƙwarya, ka sayar da abin da ba naka ba, kuma kuɗin ba za su kai ka watan gobe ba, shi kuwa ka raba shi da abin rufe wasa har ƙarshen ransa.

Ka kuma binciki zuciyarka a kan yadda aka yi ka zame. Bidiyon farko zafin innarka ya sa ka yi shi. Na biyu da na uku fa? Da kanka ka rubuta, "mabiya suka dame ni in ƙara". Ba na ganin laifinka don ka ji daɗin ganin lamba na hawa, ɗan Adam ne kai, kuma neman halak ta waya ba abin kunya ba ne. Amma mabiya ba sa ƙoshi. Ka ba su ƙwarya yau, jibi su ce saura me, kai kuma jakarka ta ƙare. Shafin da aka gina a kan tona wasannin mutum ɗaya, ranar da wasannin suka ƙare shi ma ya ƙare.

Alhali ga fili nan fetal wanda ba ya ƙarewa, kuma kai ka fi kowa dacewa da shi saboda idonka ya san inda hannu ke ɓuya. Rubutun da ke fitowa a farar takarda idan an kanga ta a wuta, wanda ruwan lemun tsami ne kawai aka rubuta da shi ya bushe. Ruwan da ke rikiɗa ya yi ja a ce jinin maita ne, alhali kurkum ne ya gamu da kanwa. Ƙwan da ake fasawa a ga allura da gashi. Layar da ake haƙowa a tsakar gida bayan yaron boka ya riga ya binne ta. 'Yan wala-wala a tasha da abokan cin mushensu da ke cikin taro suna nuna kamar suna ci. Wannan jerin za ka kai wa mai shagon waya. In ya ce shi sai ƙwarya, ka ce masa a sauka lafiya, wani mai tallan zai zo.

Kada kuma ka ɗauka bidiyo ɗaya ya gama aiki. A 1986 James Randi, wanda shi ma ɗan dabo ne, ya fallasa wani mai wa'azin Amurka, Peter Popoff, da ke kiran sunayen marasa lafiya da adireshinsu da ciwonsu a taro yana cewa wahayi ne. Randi da abokan aikinsa suka kama zangon rediyon da matarsa ke karanto masa bayanan ta wata 'yar na'ura a kunnensa, daga katunan da mutanen suka cike da hannunsu a bakin ƙofa. Aka saka muryar a talabijin, ƙasa duka ta ji. A 1987 ya bayyana cewa ya karye. Bayan wasu shekaru sai ga shi ya dawo talabijin yana tallan ruwan mu'ujiza, mutane kuma suna aika masa kuɗi. Masu buƙata ba sa ƙarewa, kullum ana haifar waɗanda ba su ji labari ba. Aikin na maimaitawa ne.

In za ka yi shi, ka kiyaye kanka. Ka nuna alamar da mutum zai gane ana shirin cutarsa, kada ka tsaya auna sinadari dalla-dalla har bidiyon ya zama makarantar 'yan damfara. Kada ka kama sunan kowa ko ka nuna gidansa ba tare da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali ba, mun ga yadda ake gurfanar da 'yan TikTok a kan ɓata suna. Duk abin da ya shafi wuƙa, reza, wuta ko wasan 'yan tauri ka bar shi, ƙannenka na kallo kuma za su gwada. Innarka kuma, ina fata ka nemi izininta kafin ka ba da labarinta, don kunyar an cuce ka wani lokaci ta fi asarar ciwo. In ba ka nema ba, ita ma ka ba ta haƙuri. Ka raka ta ta kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, karɓar dukiya da yaudara laifi ne da dokar damfara ta 2006 ta tanadar wa hukunci, ko kuɗin ba su dawo ba rahoton zai iya tsare wata.

Yanzu maganar maigidanka. Ka cire bidiyon nan biyu daga shafinka yau, kafin ka kwanta. Na san wasu sun riga sun adana, amma barin su a shafinka yana nufin har gobe kana cin ribar abin. Kada ka kira shi a waya, kada ka aika saƙon murya. Ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, mahaifinka ko limamin unguwarsu, ka sayi goro, ku taka har gida. In kun isa ka durƙusa ka ce, "Baba, na ci amanarka, ka yafe mini." Kada ka haɗa da "amma". Kada ka kawo zancen innarka, kada ka kawo zancen intanet, kada ka kawo zancen aljanu a ranar. In bidiyon biyu sun kawo maka wani abu, ko kyautar masu kallo ce, ka lissafa ka ajiye a gabansa, ka ƙara da kimanin abin da ya rasa ran kasuwar nan. Mai yiwuwa ya ture kuɗin, mai yiwuwa ya ƙi ɗaga ido ya dube ka. "Ku ce masa na gode" magana ce ta wanda abin ya kai masa har ƙashi. In ya ƙi, ka tashi da ladabi, bayan mako biyu ka koma.

Ranar da ya sake har ya tambaye ka mutanen gida, sannan ka kawo masa shawara. Ka ce kana so ka ɗauke shi yana wasan ƙwarya daga inda 'yan kallo ke tsayawa, ba daga bayansa ba, da izininsa, abin da aka samu ku raba. Mutanen da suka bi ka don tonawa za su tsaya kallon abin da suka kasa ganewa, daga nan kuma ake samun gayyatar biki da suna da bikin rufe makarantu, inda ake biya a dunƙule ba sai an jira abin jefawa a tabarma ba. A nan ne za ka roƙe shi, a hankali, ya buɗe wasan da cewa saurin hannu ne da baiwar da Allah ya ba shi, ya bar aljanu su huta. Ka nuna masa cewa wannan ya fi ɗaga shi: in aljani ne ya yi, shi bai yi komai ba, in kuwa hannunsa ne, to shekara arba'in na gwaninta mutane ke kallo. In ya yarda ka riƙa koya wa yara masu sha'awa ƙananan wasanni, ya zaɓa maka waɗanda zai saki da bakinsa, ka koyar da su a matsayin sana'a, da atisaye, ba a matsayin fallasa ba. Alkawarin da ka yi masa ma ai ya bar wannan ƙofa a buɗe.

Ka san kasuwar da zai ci nan gaba, ka san ranarta, ka san gindin bishiyar da yake shimfiɗa. Bayan kun je da dattijon, ko ya yafe ko bai yafe ba tukuna, ka riga shi isa ka share masa wurin. In yaran nan sun taru za su fara ihu, kai suka sani a waya, kai za ka tsawatar musu.

Kawunka